Hasumiyar Gobarau: Mu Kai 'Ya'yanmu Su Ga Katsina Da Idonsu

 

Bari in fara da tambayarki. Yaushe rabon da ki fita da iyali wata tafiya wadda ba ta biki ba ce, ba ta suna ba, ba ta jinya ko gaisuwar rasuwa ba? Mu a nan yankin Dakko, daga Bakura zuwa Talata Mafara har Maradun, in kika ga mace ta ɗaure kaya ta nufi tasha, to ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya taso. Tafiya don a ga wuri a ƙaru da ilimi kuwa, mun bar wa baƙi masu rataye da kyamara. Shi ya sa yaranmu suka san hoton dogon benen nan na Dubai a wayar yayyensu, amma in kika ce musu "Gobarau" sai su tsaya suna kallonki.

Mu da muke koyarwa a Islamiyya muna ganin illar wannan kullum. Yaro zai kawo miki labarin Badar da Uhudu tiryan-tiryan, alhamdu lillahi. Amma ki tambaye shi yaushe Musulunci ya shigo ƙasar Hausa, sai ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya kawo shi. Shehu, Allah ya ƙara masa yarda, an haife shi a 1754, ya fara jihadi a 1804, kuma abin da ya yi jaddadawa ce. Ya tarar da addini da masallatai da malamai tun kaka da kakanni. Shaidar haka tana nan tsaye a tsakiyar birnin Katsina, ginin ƙasa ne da ake danganta shi da kusan shekara 300 kafin jihadi. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Abin da zan yi ta bayani a aji har mako guda, tsayuwar rabin sa'a a gindin wannan gini za ta dasa shi a zuciyar yaro.

ME YA SA KATSINA?

Da farko dai Katsina ba baƙuwarmu ba ce. Gabashin jiharmu ta Zamfara, wato wajen Tsafe da Gusau, a da yana cikin ƙasar da ake kira Katsina Laka. Har yau Sarkin Gusau sarautar Sarkin Katsina yake riƙe da ita, ana ce masa Sarkin Katsinan Gusau. 'Yandoto kuma, garin malaman nan da ya yi suna tun kafin jihadi, yana kusa da Tsafe. Don haka in kin je Katsina, gidan dangi kika je.

Na biyu, birnin yana cikin Hausa Bakwai, kuma a ƙarni na 17 da na 18 yana daga cikin manyan zangon ayarin raƙuma masu ƙetare Sahara. Fatake daga Tarabulus da Gadamas suna biyowa ta Agadas su sauke kaya a Katsina: gishiri, takarda, littattafai, tufafi. Su koma da fatu da rinannun tufafi, har da bayi, abin da tarihi bai ɓoye ba. Inda ciniki ya bunƙasa kuwa malamai suna biyo baya, domin ɗan kasuwa yana bukatar mai rubuta masa wasiƙa da mai raba masa gado.

Sarki Muhammadu Korau shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko da ya rungumi Musulunci ya mai da shi addinin fada, a ƙarni na 15. Wajen ƙarshen wannan ƙarni, a shekarun 1490, babban malamin nan Muhammad bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilmisan ta ƙasar Aljeriya, ya zo Kano da Katsina yana karantarwa. Shi ne ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki. A daidai wannan lokaci kuma Imamu Suyuɗi na Masar, ɗaya daga cikin malamai biyun da suka wallafa Tafsirin Jalalaini da muke saurare kowane azumi, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Ki lura da wannan, 'yar uwa. Malamin da ake ja masa baƙi a masallatanmu ya san da Katsina, har ya rubuto mata, shekara 500 da suka wuce.

ITA KANTA HASUMIYAR

Gobarau tana cikin tsohon gari, ba nisa da fadar sarki. Tsawonta ya kai kimanin ƙafa 50, wato mita 15. In kika gwada ta da benayen Abuja za ki ce ba wani abu ba ce, amma ki tuna da ƙasa da ruwa da hannun mutum aka ɗaga ta. Gindinta faffaɗa ne, tana ƙara tsukewa hawa-hawa har zuwa sama, da matakala da ake bi a hau. Wannan tsukewar ita ce sirrin tsayuwarta, domin nauyin duka yana zaune a kan ƙasan da ya fi kauri.

Asalinta hasumiyar babban masallacin Juma'a ce. Daga samanta ladan ke kiran salla, a cikin harabar masallacin kuma ake ɗaukar karatu, har ɗalibai na zuwa daga nesa. A lokacin yaƙi kuwa masu gadi kan hau su hango ƙurar mahaya tun kafin su iso ganuwa. Masallacin ya ci gaba da zama na Juma'a har farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tutar Shehu ya zama sarki bayan an ci birnin a 1807, ya gina wani sabo. Daga nan tsohon masallaci ya lalace a hankali, hasumiya kaɗai ta rage. An yi mata babban gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ana kuma ci gaba da yi mata yaɓe lokaci-lokaci.

Akwai hikayar da za a ba ku a can, gara ki san ta tun daga gida. Ana cewa lokacin da za a aza harsashin masallacin, malamai sun yi saɓani a kan alƙibla, sai wani malami baƙo mai suna Jodoma ya nuna wani sashe da sandarsa, mutane suka hangi Ka'aba. Wannan labarin baka ne, ba hadisi ba ne, kuma ba a ɗora aƙida a kansa. Amma kada ki hana yara jin sa. Ki ce musu su duba yadda mutanen wancan zamani suka damu da daidaita alƙibla har suka yi jayayya a kanta. Sannan ki tambaye su, mu daga nan ina alƙiblarmu take? Amsar ita ce gabas, da ɗan karkata zuwa arewa. Kin ga hikaya ta haifi darasin fiƙihu.

YADDA AKE GININ ƘASA

Yawancin yaran yanzu bulo da siminti suka tashi suka gani, suna ɗaukar ginin ƙasa alamar talauci. Ziyarar nan dama ce ki gyara musu wannan tunani, domin ginin Hausa ilimi ne mai zaman kansa, da gwanayensa da sarautar Sarkin Magina.

Ana haƙo jar ƙasa a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a sake takawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana jera su yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon yana da kauri daga ƙasa, yana raguwa yayin da yake tashi. Rufi kuma da azara ake yi, wato itacen giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cika cin sa ba. Tunda azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: ana ɗaura azara a kan azara daga bango biyu suna lanƙwasowa har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara ake samun faffaɗan zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A saman soro akwai indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, a kusurwoyi kuma zankaye. Don kada ruwa ya ci bango, ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Mu mata ma muna da hannu a ciki. Daɓe aikinmu ne. Ki tambayi kakar yaranki, za ta gaya miki yadda matan unguwa ke taruwa da madaɓai in za a kai amarya, a zuba tsakuwa, a yi ta bugu ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi sumul tana sheƙi. A garin Jenne na ƙasar Mali, inda babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yake, duk shekara gari ke fitowa a yi masa sabon yaɓe, kuma mata da 'yan mata ne ke ɗebo ruwan.

Ga wani gwaji da za ki sa yara su yi. In kun shiga wani zauren ƙasa da tsakar rana, su dafa bangon daga ciki. Za su ji shi da sanyi. Dalili shi ne katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, sai ta riƙa sakin ɗumin a lokacin da gari ya yi sanyi. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya zubo mana. Duk wadda ta yi goyo a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

SAURAN WURAREN DA ZA KU GANI

Bayan Gobarau, ku zaga ƙofofin gari: Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Kwaya da Ƙofar 'Yanɗaka. Ƙofofin an sabunta su da kayan zamani, ita kuwa ganuwa akasarinta ta zube ko gidaje sun cinye ta. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14. Amma ya tarar da mutane kaɗan ne a cikin wannan makeken fili, domin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun sa kasuwa ta koma Kano. Zuriyar tsofaffin sarakunan da aka kora suka je suka kafa Maraɗi, inda har yau sarkin garin ke amsa sunan Sarkin Katsina. Wannan ma abin tunani ne ga duk mutumin Zamfara: rashin zaman lafiya yana iya kwashe mutane da arziki daga gari komai girmansa.

Ku tsaya a ƙofar fada, Gidan Korau, ku ga yadda aka tsara ta. Sai kuma gidan tarihi da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ma da ƙasa aka gina ta. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Daga baya makarantar ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ki nuna wa ɗanki azuzuwan, ki ce masa firayim ministan Nijeriya na farko a ɗakin ƙasa ya yi karatu. Yaron da ke jin kunyar makarantarsu ta ƙauye yana bukatar ganin wannan.

Katsina kuma garin waliyyai ce. Akwai Wali Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17, wanda maƙabartar da aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010 take amsa sunansa. Akwai Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, ya yi sharhin Ishiriniyar nan da iyayenmu ke rerawa, unguwarsa ta Masanawa tana nan. Akwai kuma Muhammad bin Muhammad Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya je aikin Hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741, a gidan mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Aljabarti. In 'yarki ta ce lissafi ba namu ba ne, ki ba ta labarin Bakatsinen da Misirawa suka zauna gabansa.

ABIN DA BA A KULA DA SHI BA

Kada ki ce ai ginin da ya shekara 500 ba inda za shi, ko yaushe aka je za a same shi. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. In aka shekara biyu ko uku ba a yi yaɓe ba, ko indararo ya toshe ba a gyara ba, damina ɗaya ta isa.

Mun ga misali a kwanan baya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, masana gine-gine na duniya suna zuwa kallon bakan gizonsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. A Tumbuktu kuwa, garin masallacin Jingarebar da aka gina a 1327 zamanin Mansa Musa, 'yan bindiga ne suka farfasa hubbaren malamai a 2012, sai daga baya maginan garin suka sake tayar da su.

A ɗaya ɓangaren ga Agadas. Hasumiyar masallacinta, mai tsawon mita 27, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, tana tsaye saboda mutanen garin ba su daina yi mata gyara ba. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da mutane ke ziyarta suna tambaya a kansa, shi hukuma ke jin kunyar bari ya zube. Zuwanki da yaranki ma gudummawa ce.

NIYYA DA HUKUNCI

Na san wata za ta ce, Malama, ya halatta mace ta yi irin wannan tafiya? Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa don mu ga yadda ƙarshen al'ummun da suka gabata ya kasance. Tafiyar ɗaukar darasi da neman ilimi halal ce, da sharuɗɗan da kika sani: izinin maigida, rakiyar miji ko muharrami, cikakkiyar sutura, da kiyaye lokutan salla.

Abin da za ki tsare shi ne niyya. Hadisi ingantacce ya keɓance masallatai uku da ake ɗaura kaya a tafi musamman don falalar salla a cikinsu: Masallacin Harami na Makka, Masallacin Annabi (SAW) a Madina, da Masallacin Ƙudus. Gobarau ba ta cikinsu. Za mu je ne mu gani, mu yi tunani, mu koya wa yara. Kada a shafi bango don neman tabarruki, kada a ɓanɓaro ƙasar ginin a ƙulle a gefen zani wai don magani. Bayan matsalar da ke cikin haka ta fuskar aƙida, ɓarna ce, domin in kowace baƙuwa ta ɗebi ɗan kaɗan, wa zai mayar? Game da shiga maƙabarta kuwa, malamai sun yi saɓani a kan ziyarar mata. Ki bi abin da malaman da kika amince da su suka karantar da ke, kada ki aibata wadda ta bi ɗaya ra'ayin. Wanda ya shiga, addu'a zai yi wa mamata, roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa.

In wani ya ce fitar mace neman ilimi baƙon abu ne, tarihin yankinmu ya ba shi amsa. Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya zauna a Faru. A wannan yawon ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa, sai ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar da martani, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne mafi muni. 'Yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata ke tasowa daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin jagorancin jaji, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar.

MAGANAR HANYA

A nan ne zuciyar kowace uwa take, kuma ba zan yi miki rufa-rufa ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun addabi Zamfara da yammacin Katsina. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamba 2020 ba, balle 'yan matanmu na Jangebe su 279 a Fabrairu 2021, a nan ƙaramar hukumar Talata Mafara. Kiyaye rai wajibi ne, ziyarar tarihi kuwa ba wajibi ba ce. In hanya ba ta yi ba, a haƙura, Gobarau ba ta fi ran ɗanki ba.

Daga Gusau hanya biyu ce. Akwai wadda ta bi ta Ƙauran Namoda da Zurmi ta ɓulla Jibiya, ita ce gajera, amma tana cikin waɗanda suka fi shan hare-hare. Akwai ta Tsafe zuwa Funtuwa, a bi ta Malumfashi a shiga Katsina, ta fi tsawo, ita ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Yanayin yana canjawa daga mako zuwa mako, don haka maigida ya je tasha da kansa ya tambayi direbobin da suka biyo hanyar jiya da shekaranjiya, ya kuma kira wani amintacce a Katsina. A tashi bayan rana ta fito, a lissafa yadda za a isa kafin la'asar, kada a kuskura tafiyar dare. Kada a baza labarin tafiyar a WhatsApp, hotuna ma a bari sai an dawo gida. A yi addu'ar tafiya, a dogara ga Allah bayan an ɗaure raƙumi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa da wata tafiyar da dama za a yi. In biki ko kai ɗalibi jami'a ko ganin likita ya kai ku Katsina, ki roƙi maigida a ƙara yini guda. Da yawanmu mun sha shiga garin mun fito ba mu san mun wuce ta kusa da Gobarau ba.

GUZURIN UWARGIDA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, hutun makaranta na Disamba zuwa Janairu. An gama kaka, akwai ɗan abin hannu, rana ba ta da zafi, ruwa bai ɓata hanya ba. Lokacin hawan Salla gari yana da kyau ƙwarai, amma cunkoson yana da wuya ga mai goyo ko mai ƙananan yara.

Ki tanadi ruwan sha wadatacce, da abincin da ba ya saurin lalacewa irin su dambun nama, ƙuli-ƙuli, cincin da soyayyar gyaɗa. Ki sa rigunan sanyi da man shafawa saboda hazo. Kowane yaro ki sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da lambar wayar mahaifinsa. In kun isa, ku yi sallama ga masu kula da wurin, ku nemi izini kafin hawa ko ɗaukar hoto, ku tambayi ko akwai abin da ake biya. Mai juna biyu da tsofaffi su tsaya a ƙasa, ƙananan yara kuma kada su hau sai da babba riƙe da hannunsu. Ki ja musu kunne kada wanda ya karce sunansa a bango.

Sannan ki ba kowa aiki, domin yaron da ba shi da aiki zai gaji cikin minti goma. Babba ya riƙe littafi da biro ya rubuta sunayen ƙofofi da na sarakunan da aka ambata. Na tsakiya ya ƙirga matakala. Ƙaramar ta zana hasumiyar yadda ta gan ta. In kun dawo, su karanta wa kakarsu abin da suka rubuta, su kai wa malaminsu na Islamiyya ya ba su minti biyar su yi wa 'yan ajinsu bayani. Ta haka tafiyar gida ɗaya za ta amfani yara 50.

IN TAFIYAR BA TA SAMU BA

Wataƙila ki ce, Malama, mu da muke neman na cefane ina mu ina Katsina? Gaskiyarki. To Sakkwato ta fi kusa da mu. Akwai Hubbaren Shehu, akwai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu inda aka tara rubuce-rubucen malaman daular. Masallatan Shehu da na Bello an sake gina su da siminti, amma wuraren suna nan inda suke tun asali.

In ita ma ba ta samu ba, ki fara daga unguwarku. Babu tsohon gari a yankin nan da ba za ki sami zaure ko soro na ƙasa ba, ko tsohon masallaci mai rufin azara. Ki aiki yaran da rakiyar babba su je su duba, su nemo bakan gizo da indararo, su tambayi dattawa wa ya gina shi kuma a zamanin wane sarki. In a gidanku zauren kakanni yake, kuma ana shawarar rushe shi a sa bulo, ki sa baki cikin ladabi. Ki ce wa maigida ko za a bar wannan ɗaya a riƙa yi masa yaɓe kafin damina, a toshe tsaga, a share indararo. In ya tsage har yana barazana ga rai, to a nemo magini ya duba, lafiyar mutane ita ce gaba. Amma a ɗauki hotonsa, a rubuta tarihinsa tun masu sani suna raye.

'Yar uwa, yaranmu sun tashi a lokacin da sunan yankinsu ba ya fitowa a rediyo sai da labarin hari. Wasu har sun fara zaton ƙasarsu ba ta taɓa haifar komai ba sai tashin hankali. Hakkinsu ne a kanmu mu nuna musu cewa kakanninsu sun gina masallatai, sun rubuta littattafai, sun koyar har a Masar. In Allah ya hore, ki kai su su gani. In bai hore ba tukuna, ki zaunar da su bayan sallar isha ki ba su labarin, ki sa musu kwaɗayin zuwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Katsina da ƙasa baki ɗaya, ya buɗe mana hanyoyinmu, ya shirya mana zuriya.